An tare ni da wuƙa an ƙwace wayata, abokaina sun ce ragwanta na yi

Tambaya: Likita, sati uku da suka wuce, bayan sallar isha'i, ina dawowa daga shago a nan Kano sai na tsaya bakin titi ina amsa kira. Wani adaidaita sahu ya tsaya a gabana, samari biyu suka diro, ɗaya riƙe da wuƙa. Na ɗan riƙe wayar, ya yanke ni a wuyan hannu, na saki. An ɗinke ni a kyamis. Washegari na tarar an kwashe kuɗin da ke asusuna na banki. Abokaina suna cewa da su ne ba za su bayar ba, har wani ya kawo min hadisin cewa wanda aka kashe wajen kare dukiyarsa shahidi ne. Yanzu ba na iya barci, da na ji ƙarar adaidaita a bayana sai gabana ya faɗi. Ragwanta na yi? Me ya kamata in yi a lokacin, me kuma ya rage min yanzu? Sannan ƙaramin yatsana da na kusa da shi har yau ba na jin su sosai.

Amsa: Sannu ƙanena, ka tsallake rijiya da baya. Allah ya tsare gaba, ya mayar maka da mafi alheri. Na daɗe ina aiki a sashen gaggawa na asibiti, inda ake kawo waɗanda aka sara ko aka soka, don haka yawancin abin da zan faɗa maka a bakin gadon marasa lafiya na koye shi.

Kafin mu zo kan abokanka, akwai abin da ya fi maganarsu gaggawa, kai kuma ka jefa shi a ƙarshen wasiƙa kamar ba komai ba: yatsun nan biyu. A wuyan hannu, ƙarƙashin fata kaɗan, jijiyoyin jini da masu jan yatsu su lanƙwashe da masu kai saƙon ji da motsi duk a jere suke tafiya. Wadda ke bi ta gefen ƙaramin yatsa ita ce ke kula da jin ƙaramin yatsan da rabin na kusa da shi, ita ce kuma ke motsa yawancin ƙananan tsokokin tafin hannu. Mai kyamis ya ɗinke fata, jini ya tsaya, kowa ya ce alhamdulillahi, amma abin da ke ƙarƙashi bai gani ba. Gwada wannan yanzu: ka ware yatsunka ka haɗe su, sannan ka sa takarda tsakanin ƙaramin yatsa da na kusa da shi, wani ya ja. Idan takardar ta zare ba wuya, ko akwai gaɓar da ta ƙi lanƙwasuwa, to akwai yiwuwar wuƙar ta taɓa jijiya. Wannan ba aikin mai ɗori ba ne, ba kuma na man zafi ba. Ka je Asibitin Ƙashi na Dala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a cikin satin nan, ka ce kana son ganin likitan tiyatar hannu. Jijiyar da aka haɗa tana tofowa ne a hankali, kusan milimita ɗaya a rana, tsokokin da ke jiranta kuwa suna ramewa in aka daɗe. Kowane sati da ka ƙara yana rage abin da za a iya dawo maka da shi. Ka kuma faɗa musu ko an yi maka allurar tetanus a ranar; in ba ka da tabbas, ka ce ba ka da tabbas.

Sai maganar ragwanta. A'a, ba ka yi ba. Ɗan riƙon da ka yi wa wayar ma shi ya jawo yankan, kuma ko shi ban ɗora maka laifinsa ba, domin hannu da kansa yake damƙe abin da aka fizga kafin tunani ya iso. Abokanka suna magana ne daga kan benci, da kofin shayi a hannu. Waɗanda suka ƙi bayarwa ni nake karɓarsu. Wasu sun zo da tafin hannu a tsage saboda sun cafke kaifin wuƙar, wasu da rami a wuya, wasu kuma a bayan adaidaita aka kawo su an riga an lulluɓe. A cikinsu akwai majiya ƙarfi, akwai waɗanda na yanke wa guru da layu daga ƙugu kafin in kai ga raunin. Wuƙa ba ta buƙatar gwaninta. Yaro ɗan shekara sha shida da ɗanbida a hannu zai iya kashe ƙaton da ya ninka shi biyu, ba tare da ya yi niyyar kisan ba ma.

Ka duba yadda aka tsara abin tun kafin ka san da su. Su suka zaɓi wurin, su suka zaɓi lokacin, su suka zaɓe ka. Kai ɗaya ne, su uku ne in ka haɗa da direban da bai kashe inji ba, kuma wanda ke gabanka da wuƙa sau da yawa ba shi ne abin tsoro ba, na bayanka ne da ba ka gani. Da yawansu sun sha ƙwaya. Abin da ya fi duka muhimmanci shi ne su ma a tsorace suke, amma ba kai suke tsoro ba, jinkiri suke tsoro. Dokar fashi da makami ta tarayya, wadda ta samo asali daga dokar soja ta 1984, ta tanadi ɗaurin da bai gaza shekara 21 ba ga wanda ya yi fashi, in kuwa da makami ne ko ya ji wa wani rauni, hukuncin kisa ne. A watan Mayun 2023 majalisar tsaron jihar Kano ta bayyana cewa ƙwacen waya fashi da makami ne. Kafin ma a kai ga kotu, yaron ya san abin da jama'ar gari za su yi masa in suka riƙe shi. To mutumin da ya san kamu yana nufin ajalinsa, kai kuma ka riƙe masa riga ko ka hana shi tafiya da daƙiƙa biyar, me kake zaton zai yi? Sukan da yake yi na neman kuɓuta ne. Shi ya sa gardama da kokawa suke mayar da ƙwace ya zama kisa.

Hadisin da abokinka ya kawo ingantacce ne, yana cikin Bukhari da Muslim. Ni ba malami ba ne, amma abin da na ji daga malamai shi ne hadisin yana bayyana darajar wanda aka zalunta har aka kashe, kuma yana halatta wa mutum kare dukiyarsa. Mafi yawansu ba su ce wajibi ne ba. Wanda ya miƙa dukiya don ya tsira da ransa bai yi laifi ba, ga kuma ayar nan ta 195 a suratul Baƙara da ta hana mutum jefa kansa ga halaka. Ka ce wa abokin naka ya kai tambayar wurin limamin unguwarku, ya tambaye shi ko wajibi ne.

Abin da nake faɗa wa 'ya'yana game da wannan minti ɗin ba shi da yawa. Hannuwanka su kasance a fili. Kada ka zura hannu aljihu farat ɗaya, domin shi bai san ko waya za ka ciro ko makami ba. Ka faɗa da baki, "tana aljihun dama, ga ta nan," sannan ka ciro a hankali. Ka miƙa, ko ka ajiye a ƙasa ka ja da baya, tunda tazara ita ce babbar kariya daga wuƙa. Kada ka tsaya ciniki, ko da na "don Allah ku bar min layina" ne. Kada ka ƙura masa ido. In ka gane shi, ɗan unguwarku ne ko kun yi makaranta tare, ka haɗiye wannan sanin har sai ka isa wurin da kake da tsaro, domin "ai na san ka" ta kashe mutane. In sun juya, kada ka bi su. Ihu sai sun yi nisa. Mace mai jaka a kafaɗa, in aka fizga daga kan babur ko adaidaita, ta saki igiyar. Na ga waɗanda aka ja a kan kwalta saboda jakar da babu komai a ciki sai hoda da kuɗin mota.

Wuri ɗaya ne wannan shawarar ke juyewa. Idan ka ba su abin da suka nema amma suka ci gaba da sara, ko suka ce ka shiga adaidaita, ko suka fara jan ka zuwa lungu ko kango, to ba waya suke nema ba kuma. A nan ka yi ihu iya ƙarfinka, ka fizge, ka ruga inda haske da mutane suke, ka yi duk abin da za ka iya. Duk abin da zai same ka a bakin titi ya fi sauƙi a kan abin da zai same ka inda babu mai gani.

Yanzu bari in daɗe kaɗan a kan abin da ke biyo baya, domin a nan ne mutum yake da iko sosai, a nan ne kuma aka fi yin asara. Da zarar sun tafi, ka shiga shago ko masallaci ko gidan da ke buɗe, ka ɗaga riga a duba ka gaba da baya. Lokacin firgici jiki yana sakin sinadarin adiranalin, wanda ke danne zafi har mutum ya ɗauka naushi aka yi masa. Akwai wani saurayi da ya shigo mana da ƙafarsa, yana riƙe da 'yar ƙujewa a damtse, yana ta faɗan wayarsa sabuwa ce. Ina kallon goshinsa yana tsattsafo da gumi alhali ana sanyi, yana ta neman ruwa. Da muka ɗaga rigar sai ga wani ɗan rami a ƙarƙashin haƙarƙarinsa na hagu, bai fi ƙwayar wake ba, ko jini ba ya yi. Saifarsa ce ta fashe, jinin yana zuba a ciki. Ya rayu ne saboda ɗakin tiyata yana kusa. Saboda haka duk sukan da ya faɗa tsakanin wuya da cinya, komai ƙanƙantarsa, asibitin da ke da ɗakin tiyata za a nufa, ba kyamis ba. Gumi mai sanyi, ƙishirwa mai tsanani, jiri, numfashi sama-sama, ciki ya ɗaure ya yi tauri, duk alamu ne na jini yana tafiya ta inda ido ba ya gani.

Jinin babban mutum kusan lita 5 ne, kuma in babbar jijiyar cinya ko ta damtse ta yanke, cikin 'yan mintoci sai a rasa shi. Maganin farko dannawa ne. Hula, mayafi, rawani, riga, duk abin da ke kusa, a dunƙule a ɗora kan raunin a danna da nauyin jiki, a riƙe aƙalla minti goma ba tare da ɗagawa a leƙa ba. In ya jiƙe a ƙara wani a kai, kada a cire na farko. Idan a hannu ne ko ƙafa, jini yana tsartuwa kuma dannawa ta gaza, a ɗaure sama da raunin da kamar faɗin yatsu uku, da kyalle mai faɗi, a zura sanda a murɗa har jinin ya tsaya, a riƙe lokacin da aka ɗaure don a faɗa wa likita, kuma kada a kwance a hanya don mara lafiya ya ce yana masa zafi. Ban da wayar wuta ko siririyar igiya. Wuƙar da ta maƙale a jiki a bar ta a inda take, a tallafe ta da tsumma ta kowane gefe, domin ita ce ta toshe ramin da ta yi. In hanji ya fito kada a tura shi ciki, a rufe da tsabtataccen kyalle mai danshi. Kada a ba shi ruwa ko abinci komai roƙonsa, saboda tiyata. Fetur, man birki, gishiri, toka, garin kafso, duk na sha wanke su daga cikin raunuka. Ba sa tsayar da jinin jijiya, sai dai su ƙona naman su ƙara mana aiki. Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce, kyauta ce a kowane layi, a kira, amma kada a zauna jiran motar asibiti in ga abin hawa a kusa.

Za ka ji ana cewa asibiti ba ya karɓar irin wannan sai da takardar 'yan sanda. Tsoron yana da tushe, domin waccan dokar ta fashi ta wajabta wa asibiti sanar da 'yan sanda in an kawo mai raunin harsashi, ma'aikata kuma suka mayar da abin ya zama "sai ka kawo takarda". Amma sashe na 20 na dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ya hana kowane asibiti ƙin ba da agajin gaggawa bisa kowane dalili, dokar 2017 kan masu raunin harbi kuma ta ce a fara magani ko da takardar 'yan sanda ko babu, ko an ajiye kuɗi ko ba a ajiye ba, asibitin ne zai sanar da 'yan sanda cikin awa 2. In ka haɗu da mai jan ƙafa, kada ka tsaya faɗa da shi. Ka nemi babban likitan da ke bakin aiki, ka ambaci dokar cikin ladabi, wani daga cikin 'yan rakiya kuma ya tafi caji ofis a daidai lokacin.

Sai kuɗinka. Mutane suna kukan wayar, alhali ɗan layin da ke cikinta ne ƙofar asusun. Ko wayar tana kulle da zanen yatsa, cire layin kawai za su yi su sa a ƙaramar waya mai tocila. Daga nan duk saƙon banki wurinsu yake zuwa. Da *565*0# za su ga lambarka ta BVN, da *346# su ga ta NIN, in kuma sun haɗa da walat ɗinka mai katin banki, to sun sami abin da za su sauya lambar sirri da shi. Su tura kuɗi, su sayi kati, su ci bashi da sunanka a manhajojin ba da rance, su shiga WhatsApp ɗinka su rubuta wa yayarka cewa kana cikin matsala ta turo dubu ashirin. Duk wannan a daren ake yin sa, kai kana can kana jinyar hannu. Shi ya sa bayan tsayar da jini, abu na gaba shi ne a ari wayar wani a rufe asusu. Bankuna suna da lambar da ake dannawa daga kowace waya don haka: First Bank *894*911#, Zenith *966*911#, Access *901*911#. Kowa ya tambayi bankinsa tasa, ya rubuta a takarda ya ajiye a gida, ba a cikin wayar ba. Bayan banki sai kamfanin layi a toshe, sai a je da lambar NIN a yi walkam-bak. Da layin ya dawo ka sake buɗe WhatsApp da shi, hakan zai fitar da ɓarawon, sannan ka sauya kalmar sirrin imel.

Da za a ce in zaɓi abu guda da kowa zai yi yau, kulle layi da lambar sirri zan zaɓa. Yana cikin saitin tsaro na kowace waya, ba ya cin minti biyu. Layin da aka kulle, in aka sa shi a wata waya sai ya nemi lambar, in aka yi kuskure sau uku ya rufe, sai da lambar PUK da ke jikin katin da layin ya zo a ciki. Ɓarawo ba shi da wannan katin. Sai dai ka tambayi kamfaninka lambar farko da layin ya zo da ita kafin ka fara, kada ka kulle kanka da cinke.

Kai naka ya riga ya faru, to ga abin da ya rage. Ka je banki ka karɓi bayanin shige da ficen asusun, za ka ga inda aka tura kuɗin da lokacin. Ka rubuta ƙorafi a takarda, ka haɗa da rahoton 'yan sanda, ka karɓi shaidar sun karɓa. In sati biyu suka wuce ba su warware ba, kana da damar kai ƙara sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin Najeriya. Ba zan ruɗe ka ba, bayan sati uku da wuya kuɗin su dawo, domin akan kwashe su daga asusun farko cikin awoyi. Amma takardar tana da amfani ranar da wani kamfanin rance zai kira ka kan bashin da ba ka ci ba.

Haka ma rahoton 'yan sanda. Na san abin da mutane ke cewa, "me za su yi min?" Ko ba su gano wayar ba, ka je ka shigar da rahoto a caji ofis ɗin yankin da abin ya faru, ka karɓi takardar shaida mai kwanan wata. Layin da aka sace ana kiran iyalan wanda aka yi garkuwa da shi da shi, ana damfara da shi, kuma sunanka ne a kansa. Ranar da aka bi sawu aka zo ƙofar gidanku, wannan takardar ce za ta yi maka magana. Ka tafi da kwalin wayar da rasit, domin a jikin kwalin akwai lambar IMEI, wato lambar shaidar ita kanta wayar, mai alƙaluma 15, wadda ake gani in an danna *#06#. Rundunar 'yan sandan Kano takan sanar da wayoyin da ta ƙwato lokaci zuwa lokaci, kuma mai kwali da rasit ne ke karɓar tasa. In manhajar neman waya ta Google ko ta Apple ta nuna maka inda take, ka kai wa ɗan sandan da ke riƙe da ƙararka, kada ka tara abokai ku tafi. Kada kuma ka cire wayar daga asusunka na Google ko Apple, kuma in saƙo ya zo cewa an ga wayarka ka latsa nan ka sa kalmar sirri, su ne, so suke ka buɗe musu da hannunka.

In ka tashi sayen wata, a Farm Centre ko titin Beirut ko ina ne, akwai 'yan kasuwa masu amana da yawa. Ka saya a shago, da rasit mai ɗauke da lambar IMEI. Waya mai tsada da aka miƙo maka a bakin hanya a rabin kuɗi, babu kwali babu caja, ka san daga inda ta fito. Ɓarayin zaune su ne suka sa sana'ar take ci, kuma dokar nan ta fashi ta tanadi ɗaurin rai da rai ga wanda ya karɓi kayan da aka samo ta hanyar fashi.

Akwai tunani biyu da nake jin tsoro ga wanda aka yi wa irin abin da aka yi maka. Na farko shi ne ya fara yawo da wuƙa. Ba za ta cece ka ba, domin su ne ke fara zarowa, kuma in an kama ka da ita kai ne ɗan daba a idon hukuma. Na biyu shi ne ranar da aka yi ihun ɓarawo a unguwa, ya huce haushinsa a kan wanda aka kama. An sha kawo mana wanda jama'a suka yi wa laga-laga, daga baya a gane fasinja ne, ko direban da shi ma wuƙa aka ɗora masa a wuya.

Game da kiyaye gaba ba zan cika ka da dokoki ba, tunda ba sakacinka ne ya jawo ba. Matsalar ba ta Kano kaɗai ba ce: 'yan shila a Yola, 'yan kalare a Gombe, sara-suka a Bauchi da Jos, kauraye a Katsina, masu wan-cans, wato masu yi wa fasinja fashi a cikin motar haya, a Abuja, salon ne kawai ya bambanta. Abin da suke nema ɗaya ne, mutumin da hankalinsa ke wani wuri, a inda abin hawa zai tsaya ya tashi da sauri. Hasken waya a duhu daga nesa ake hango shi. In kira ya shigo da dare, ka shiga shago ko ka matsa jikin bango kana fuskantar titi. A cikin adaidaita kada ka riƙe ta a gefen da ke buɗe, in kuma ka ga zubin fasinjojin bai kwanta maka ba, ka bar shi ya wuce, wani na tafe. Katin banki da waya kada su kwana aljihu ɗaya.

Rashin barcin da faɗuwar gaba kuwa, ba alamar raunin zuciya ba ne, ba kuma raunin imani ba ne. Ƙwaƙwalwa ce ta haɗa ƙarar adaidaita da mutuwa a daren nan, take buga ƙararrawa duk sanda ta ji ta, tun kafin ka yi tunani. Sojoji suna fama da shi, direbobin da suka yi haɗari suna fama da shi. A makonnin farko kusan kowa yana jin wani abu irin wannan: mafarkin abin, firgita da ƙaramin motsi, saurin fushi, maimaita "da na yi kaza" ba iyaka. Ga mafi yawan mutane yana lafawa da kansa. Abin da ke taimakawa shi ne ka samu mutum ɗaya mai hankali, mahaifiyarka ko yayanka ko wani aminin da ba ya cikin 'yan bencin nan, ka ba shi labarin tun daga farko har ƙarshe, fiye da sau ɗaya in ka so. Ka koma shago. Ka rage shayi mai ƙarfi da kofi bayan la'asar. Ka riƙe azkar ɗinka na safe da yamma da addu'ar da aka koyar ga wanda musiba ta sama. Addu'a da ganin likita ba sa karo da juna.

Gudun wurin shi ne ke raya tsoron. Duk ranar da ka zagaye titin nan za ka ji sauƙi a take, amma gobe tsoron ya ƙaru. Ka koma da rana tsaka tare da wani, ku tsaya a daidai wurin har bugun zuciyarka ya sauka da kansa, kada ka tafi yana sama. Bayan kwana biyu ka sake, sannan da yamma, sannan kai kaɗai. Haka za ka yi da hawa adaidaita, ka fara da gajeriyar tafiya da rana. Ka nisanci ƙwayar barci ta kyamis da tiramadol da duk abin da wani zai ce "sha wannan ka manta". Suna ba da barcin dare biyu, su bar ka da matsala ta biyu da ta fi ta farko wuyar magani.

Mu a asibiti wata guda muke sa wa ido. Kai kana sati na uku. Idan wata ya cika abin bai fara sauka ba, ko yana ƙaruwa, ko ya hana ka fita neman abinci, to ya zama ciwon da ke da suna kuma yake da magani, yawanci ta hanyar zama da ƙwararre ana tattaunawa bisa tsari, wani lokaci a haɗa da ƙwayoyin da likita ya rubuta. Akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin Malam Aminu Kano, akwai asibitin Dawanau. Na Kaduna suna da na Barnawa, na Sakkwato suna da na Kware. Zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace, yawancin masu zuwa da ƙafarsu suke zuwa su koma wurin aiki. Idan kuwa ka fara jin gara ma ka mutu ka huta, ko tunanin cutar da kanka ko wani ya fara zuwa maka, kada ka jira watan ya cika. Ka faɗa wa wani a gida a ranar, ya rako ka asibiti.